Alvaro de Bazan: sarkin yaƙin tekun da shirin kai wa Ingila hari ya cinye tun jirage ba su tashi ba

Akwai wani ƙaramin gari a tsakiyar Sifaniya, Viso del Marques, a yankin La Mancha, ƙasa ce busasshiya, ko ta ina ka juya teku ta yi maka nisa. Amma a nan ne aka ajiye tsofaffin takardun rundunar sojan ruwan ƙasar, cikin wani katafaren gida da aka fara ginawa a 1564, bangonsa da rufinsa duk zanen jirage ne da biranen gaɓa da fagagen yaƙi. Mai gidan shi ne Alvaro de Bazan, wanda aka fi sani da Markis na Santa Cruz, kuma har gobe Sifaniyawa in sun tashi yabonsa cewa suke ba a taɓa cin sa da yaƙi a kan ruwa ba. Daga nan sai su ɗora da cewa wai da bai rasu a farkon 1588 ba, da rundunar jiragen ruwan da Sifaniya ta tura Ingila a wannan shekarar ba ta watse ba. Maganar farko na yarda da ita. Ta biyun ce nake da ja a kai, kuma don a gane dalilina sai an bi rayuwar mutumin tun daga tushe.

An haife shi a Garnaɗa ranar 12 ga Disamba 1526, wato shekara 34 kacal bayan birnin ya fita daga hannun Musulmi, kuma kakansa ma yana cikin waɗanda suka yi wannan yaƙin a ɓangaren sarakunan Kirista. Babansa, shi ma sunansa Alvaro, shi ne kwamandan jiragen yaƙin Sifaniya a zamanin Sarki Karlos na biyar. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron bai kai shekara goma ba aka naɗa shi mai riƙon ganuwar Jabal Ɗariƙ, wurin da Turawa ke kira Gibraltar, sarauta ce ta suna don a karrama uban, amma ta nuna inda aka nufa da shi. Kafin ya cika ashirin ya riga ya ga jini a gefen babansa, a faɗan da suka yi da jiragen Faransa a gaɓar Muros da ke Galisiya.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne a wancan zamanin sojan ruwa rabi aikin sarki ne rabi kasuwanci. Gidaje irin na su Bazan kwangila suke karɓa, su gina jirgi ko su riƙe na sarki, su ciyar da mutanen ciki, su biya albashi, su saya igiya da kwalta da albarushi, sarki kuma ya biya su kuɗin shekara, wanda sau da yawa sai ya makara. To yaron da ya taso a irin wannan gida ba takobi kaɗai ya koya ba, ya san buhun biskit nawa jirgi ke ci a wata, ya san gangar ruwa nawa za ta kai mutum ɗari biyu mako biyu, ya san in aka yi gangar da ɗanyen katako ruwan cikinta zai lalace. Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Jirgin da ya fara ƙwarewa a kai shi ne gali, dogon jirgi siriri marar zurfi da mutane ke tuƙawa da hannu, igwansa a goshi, sojoji cunkushe a sama. Su wane ne masu tuƙin? Fursunonin da kotu ta yanke wa hukunci, da bayi, da 'yan ƙalilan masu karɓar lada. Yawancin bayin da ke jiragen Sifaniya Musulmi ne da aka kamo daga gaɓar Magrib ko daga jiragen Turkawa, ɗaure da sarƙa a benci, nan za su ci nan za su kwana nan za su yi bayan gida, kamar yadda jiragen Usmaniyya da na Aljeriya su ma suke cike da Kiristocin da aka kamo. Duk lokacin da na karanta cewa wane ya ci ganimar jirage kaza, waɗannan mutanen na ƙasan bene ne ke faɗo mini a rai, domin in jirgi ya nutse da sarƙarsu suke tafiya.

Shekarun 1560 Bazan ya yi su ne yana kai da kawowa a Bahar Rum. Yana cikin waɗanda suka kai ɗauki Oran a 1563, yana cikin cin tsibirin dutsen nan na Velez de la Gomera a 1564, a 1565 kuma ya je bakin kogin Tetuwan ya nutsar da jirage cike da duwatsu don ya toshe wa masu fashin teku hanyar fita, a shekarar dai ya shiga ayarin da ya kai ɗauki Malta lokacin da Turkawa suka yi mata ƙawanya. Aka ba shi jiragen Napoli, a 1569 Sarki Filib na biyu ya naɗa shi Markis na Santa Cruz. Gaskiya ce da ba sai an ɓoye ba, kusan duk wannan aikin a kan Musulmi ya yi shi, kuma ni ba na karanta shi da murna, amma wanda yake son ya fahimci yadda Bahar Rum ta kasance a ƙarni na sha shida dole ya kalli mutanen ɓangarorin biyu da idon basira.

Sai yaƙin Lepanto, a gaɓar Girka, 7 ga Oktoba 1571. Ƙawancen Sifaniya da Benis da Fafaroma sun zo da gali sama da 200 da wasu manyan jirage shida na Benis masu igwa ta ko'ina, shugabansu Don Juan, ƙanin Sarki Filib ta wajen uba, yaro ɗan shekara 24. Rundunar Usmaniyya ƙarƙashin Ali Pasha ta fi su yawan jirage. An jera dama da hagu da tsakiya, shi kuma Bazan aka ba shi rundunar ko-ta-kwana, gali wajen 30, aka ce ya tsaya a baya. A ido kamar ba wani matsayi ba ne, amma a gaskiya shi ne aiki mafi wuya a ranar, don faɗan gali da zarar jirage sun sarƙe da juna shi ke nan babu mai iya ba da umarni, hayaƙi ya rufe ko'ina, kowa ta kansa yake. Mutum ɗaya ne ya rage da jirage a sake kuma yana ganin fagen duka, shi ne na baya. In ya zuba jiragensa da wuri a inda bai dace ba, babu sauran abin da za a toshe ɓaraka da shi, in kuma ya yi jinkiri ya tarar an gama.

Sau uku ya yanke shawara kuma duka ukun suka yi daidai. Da aka matsa wa mutanen Benis a hagu kusa da gaɓa, har kwamandansu Barbarigo ya samu raunin da ya yi ajalinsa, ya tura musu wani kaso. Da jirgin Don Juan da na Ali Pasha suka manne a tsakiya ana ta turo sojoji daga baya, ya shigo da kansa ya ƙara musu mutane har aka rinjayi jirgin Ali Pasha. Sannan da Uluj Ali, gwamnan Aljeriya, wanda wallahi shi ne ya fi kowa iya tuƙi a ranar, ya ja Doria, kwamandan ɓangaren dama na Kiristoci, can kudu ya buɗe giɓi ya faɗa ta ciki ya ragargaji jiragen da ya tarar har ya kama babban jirgin mayaƙan Malta, Bazan yana cikin waɗanda suka juyo kansa da abin da ya rage, dole Uluj Ali ya saki ganimar ya fice da jiragen da ya iya tserarwa. Wannan ita ce ɗabi'ar mutumin, haƙuri da lissafi, ba ya kashe abin da ke hannunsa sai ya ga inda zai yi amfani.

Kuma kar a ɗauka Lepanto ta gama da Usmaniyya. Cikin shekara guda sun sake gina runduna, Kubrus ta zauna a hannunsu, Tunis ɗin da Don Juan da Bazan suka ci a 1573 sun ƙwace ta a 1574. Abin da ya sauya shi ne hankalin manyan biyun ya koma wani wuri, Turkawa suka fuskanci Farisa, Filib kuma ya fuskanci Atlantika.

Dalilin juyawar Filib yana da alaƙa da mu ta wata hanya. A 1578 Sarkin Fotugal Sebastiyan, saurayi marar ɗa, ya kai yaƙi Maroko aka kashe shi a Wadil Makhazin. Wanda ya hau gadon Maroko a ranar shi ne Ahmad al-Mansur, shi ne kuma daga baya ya turo rundunar da ta karya Songhai a Tondibi a 1591, ƙarƙashin Judar Pasha wanda asalinsa ɗan Sifaniya ne. Yaƙi ɗaya ya girgiza Lisbon ya kuma girgiza Gao da Tumbuktu. A can Fotugal dai sarauta ta rasa magaji na kusa, Filib ya ce tasa ce ta wajen uwa, a 1580 ya tura basaraken Alba ta ƙasa, Bazan ta ruwa, suka ci Lisbon. Abokin takararsa Don Antonio ya gudu, amma yawancin tsibiran Azores, musamman Terceira, suka ƙi miƙa wuya.

Me ya sa 'yan tsibirai a tsakiyar teku suka zama abin damuwa haka? Iska ce. Jiragen da ke dawowa da azurfar Amurka, da na Fotugal masu dawowa da kayan yaji daga Indiya, duk ta nan iska ke biyo da su, nan suke shan ruwa su huta. Wanda ya riƙe Azores ya riƙe maƙogwaron Filib. Shi ya sa uwar Sarkin Faransa, Katarina de Medici, ta haɗa wa Don Antonio jirage wajen 60 ƙarƙashin Filippo Strozzi, alhali a hukumance Faransa da Sifaniya ba sa yaƙi da juna.

Nan ne Bazan ya nuna shi ba na Bahar Rum kaɗai ba ne. Yana da shekara 55, ya bar gali ya hau galiyon, jirgi mai tsawo da zurfi da iska ke kaɗawa, igwansa a gefe, wanda tuƙinsa da faɗansa duk daban ne. Ya tashi daga Lisbon a watan Yulin 1582, ayarin da zai haɗu da shi daga Kadis bai iso ba, ya tsinci kansa gaban tsibirin Sao Miguel da jirage ƙasa da 30. Kwana da kwanaki ana zagaye, kowa na neman ya samu iska a bayansa. Ranar 26 ga Yuli galiyon San Mateo ya ware daga sahu, Faransawa suka yi masa taron dangi, ya jure na tsawon sa'o'i, sai Bazan da Oquendo, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, suka juyo suka rufe waɗanda suka rufe shi. Aka kama jirgin Strozzi, shi kansa ya mutu, Faransawa suka yi asarar jirage wajen goma, da yawa daga cikin sauran ma ba su shiga faɗan ba suka juya.

Abin da ya biyo baya shi ne tabon da ba zai goge ba. Tunda babu yaƙi a hukumance, Bazan ya ce waɗanda aka kama 'yan fashin teku ne, ba fursunonin yaƙi ba. A garin Vila Franca do Campo aka fille kan manyan mutane kusan 80, aka rataye sojoji da matuƙa sama da 300. Masu kare shi suna cewa umarnin sarki ne, kuma shi kansa Sarkin Faransa ya nuna ba da yawunsa suka zo ba. Na ji wannan, amma mutum ya ajiye makami ya miƙa kansa sannan a jera shi a yanka, ko wace takarda aka riƙe a hannu, zalunci ne, kuma lissafin nan nasa mai sanyi da ya cece su a Lepanto shi ne dai ya yi aiki a nan, ya auna ya ga tsoratarwa za ta yi masa amfani sai ya aikata.

A 1583 ya dawo don Terceira kanta, kuma wannan tafiyar ce ta fi nuna gwanintarsa. Jirage kusan ɗari, mutane wajen dubu goma sha biyar, har gali ya sa aka gyara aka tsallako da su Atlantika don su matso gaɓa su yi ruwan igwa yayin da ƙananan kwale-kwale ke sauke sojoji. Ya sauka a inda masu tsaron ba su zata ba, cikin 'yan kwanaki tsibirin ya faɗi. Da ɗumin wannan nasarar, a watan Agusta, ya rubuta wa Filib cewa lokaci ya yi da za a yi wa Ingila irin wannan. Ku lura fa, shi ne ya kawo shawarar da bakinsa. Sarki ya gode masa, ya ɗaga darajarsa, ya naɗa shi babban kwamandan tekun Atlantika, ya ajiye maganar.

Sai da Francis Drake, kwamandan jiragen Ingila, ya kai hari gaɓar Galisiya ya wuce ya ƙona Santo Domingo da Kartahena, biranen Sifaniya a nahiyar Amurka, a 1585 zuwa 1586 sannan Filib ya ce a kawo tsari. Bazan ya zauna ya yi lissafi irin na ɗan kwangila, komai da komai, jirage sama da 500, mutane sama da 90,000, guzurin wata takwas, kuɗi kusan dukat miliyan huɗu, runduna guda ta tashi daga Lisbon da sojojinta da dawakinta ta sauka da kanta ba ta jiran kowa. Wasu na ganin ya zuzuta ne. Ni a ganina gaskiyar farashin aikin ya faɗa, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, matsalar ita ce Sifaniya duk da azurfarta ba ta da wannan ruwan cikin.

Filib ya kuma tambayi ɗan 'yar uwarsa basaraken Parma, wanda ke riƙe da rundunar Sifaniya a Flanders, yankin Beljiyam ta yau, shi kuma ya ce a ba shi dama ya tsallaka da mutum 30,000 cikin kwale-kwale a ɓoye. Sai sarki, daga teburinsa, ya ɗauki rabin wannan da rabin wancan ya ɗinke, runduna ta taso daga Lisbon ta ratsa mashigin Ingila ta tsare wa Parma hanya ya tsallaka. A takarda ya yi kyau kuma ya fi araha. A kan ruwa kuwa, ana so runduna biyu da ke nesa da juna, babu waya babu rediyo sai ɗan aike, su haɗu a rana guda a gaɓar da babu tashar da manyan jirage za su fake, ga jiragen 'yan tawayen Holan marasa zurfi suna gadin bakin tashoshin Parma. Ga kuma ciwon rai, mutumin da ya kawo shawarar ya koma mai rakiya, ɗaukakar sauka Ingila ta koma hannun Parma.

Daga nan komai ya dinga taɓarɓarewa. A watan Afrilun 1587 Drake ya shiga tashar Kadis ya lalata jirage sama da ashirin, har da galiyon na Bazan kansa, ya tsaya wajen Sagres yana tare ƙananan jiragen dakon kaya yana ƙona katakon ganga. Dole Bazan ya kwashi jiragen da ya tara ya tafi Azores rakiyar azurfa, ya dawo cikin kaka da jirage da guguwa ta jijjiga suna neman gyara. Sarki kuma wasiƙa kan wasiƙa, ka tashi yanzu, ka tashi ko da rabin jiragen ne, ka tashi ko cikin hunturu ne. Bazan yana amsawa cewa igwa ba su isa ba, abinci na ruɓewa, mutane na gudu, teku ba ta shiguwa a wannan lokacin. Mutanen da aka tara a Lisbon wata da watanni suna cin guzurin tafiya tun ba a tafi ba, cuta ta shiga cikinsu, zazzaɓin nan da kwarkwata ke yaɗawa. A farkon 1588 sarki ya turo Kont na Fuentes ya duba abin da ake ciki, wanda ga dattijo mai shekara 61 da ya yi wa gidan sarauta aiki tun yana yaro, wannan kaɗai ya isa cin fuska. Ranar 9 ga Fabrairu 1588 ya rasu a Lisbon. An ce zazzaɓin ne, an kuma ce baƙin ciki ya taimaka, ni ban ga abin da zai hana duka biyun haɗuwa ba.

To da ya rayu fa? Masu cewa da an ci Ingila suna mantawa da abubuwa. Na farko, tsarin da za a bi ba nasa ba ne, na sarki ne, kuma ramin da ke cikinsa, wato haɗuwa da Parma, yana nan ko wa ke riƙe da tuta. Na biyu, duk nasarorin Bazan na mannewa ne, a matso a kama jirgi a zuba sojoji, haka Lepanto haka Sao Miguel, su kuma Ingilawa a 1588 sun ƙi yarda a matso su, jiragensu sun fi saurin juyawa, suna tsayawa daga nesa suna harbi. Na uku kuma, wanda masoyansa ba sa son ji, halin da ya bar rundunar a Lisbon ba mai kyau ba ne, an loda kaya cikin gaggawa, wani jirgin igwa sun yi masa yawa wani babu. Basaraken Medina Sidonia da aka ɗora a madadinsa, wanda ake ta yi wa dariya don ya rubuta wa sarki cewa shi teku na sa shi amai a nemi wani, shi ne ya zauna ya warware wannan cikin 'yan watanni har jiragen suka kai wajen 130. Abin da zan iya ba Bazan shi ne yana da nauyin da zai iya taka wa sarki burki ko ya sauya shawara a tsakiyar teku, misali ya kama wata tasha a kudancin Ingila ya fake, abin da Medina Sidonia bai yi ba don yana bin umarni sau da ƙafa. Amma wata shida na ƙarshen rayuwarsa sun nuna ko shi ɗin Filib ya daina saurarensa.

Rundunar ta bar Lisbon a ƙarshen watan Mayu. Jirgin da ke ɗauke da tutar shugaba shi ne San Martin, wanda Bazan ya hau a Sao Miguel shekara shida kafin nan. Sun isa Kale a gaɓar Faransa, Parma bai shirya fitowa ba, Ingilawa suka turo musu jiragen wuta cikin dare suka tarwatsa su, washegari aka gwabza a Gravelines, iska ta kora su arewa suka zagaya ta bayan Skotlan da Ailan inda duwatsun gaɓa suka cinye jirage da yawa, waɗanda suka tsira kuma yunwa da ƙishirwa da ruɓaɓɓen ruwan ganga suka dinga kashe su a hanya. San Martin ya shigo Santander a watan Satumba yana yoyo, cike da marasa lafiya, Medina Sidonia kansa sai a kwance aka sauke shi.